Jirgin da Ya Faɗo a Roni

Allin da ke hannun Shatu ya suɓuce, ya faɗi ƙasa ya karye biyu.

Ko kallonsa ba ta yi ba.

Ƙarar ce ta jiyo... ƙarar da ta yi kwana bakwai tana jira, siririya, daga can kudu, kamar kukan zuma a kogon itace.

"Malama, jirgi! Jirgi!" 'yan ajinta suka ɗauka gaba ɗaya.

Ita da ta saba tsawatar musu, yau ita ta riga su fita.

Safiyar Alhamis ce, tsakiyar daminar shekarar 1975. An yi ruwa da asuba, sama ta wanku tas, duwatsun Roni suna ta ƙyalli, gero ya kai gwiwa. Shatu ta kare fuska da tafin hannu ta ɗaga kai. Can ƙololuwa ta hango shi, ɗan fari, ƙarami, yana tafiya a hankali kamar ba shi da inda za shi.

"Dunoma..." ta faɗa can ƙasan maƙoshi.

Dunoma ne a ciki, saurayinta, ɗan Kazaure da ke koyon tuƙin jirgin sama. Shi ya rubuto mata cewa yau zai yi doguwar tafiyarsa ta farko shi kaɗai, ba malami a gefensa, kuma hanyar da aka zana masa ta kan Roni za ta bi.

Murmushi ne ya cika mata fuska. Ji take kamar ita ma ƙafafunta sun bar ƙasa.

Sai ta lura da shamuwa. Tari guda, sun yi sama sosai suna kewayawa da iska, daidai gabansa.

Abin bai fi ƙiftawar ido ba.

Wani abu ya watse a sama kamar an yayyafa toka. Injin ya yi tari sau ɗaya... sau biyu... sai tsit.

Shirun ya fi kowace ƙara firgita ta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Jirgin ya sunkuyar da hanci ya fara gangarowa, ba ƙara, ba hayaƙi, yana kewayawa yana neman wurin sauka. Fili ɗaya ne shimfiɗaɗɗe a wajen, wato fadamar bayan gari. Can mahaifinta Daudu yake kiwon shanunsa, can kuma mata suke noman gyaɗa tun da sassafe.

Shatu ta kwasa da gudu. Takalminta ɗaya ya cire, ba ta tsaya ba. Tana gudu tana kallonsa ya miƙe sosai ya nufi fadamar, ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, har inuwarsa ta hau kan ganyen gyaɗa. Sai kawai ya karkata fuffuke, ya bar filin, ya nufi gindin duwatsu.

Ƙarar da ta biyo baya, har a ƙashin bayanta ta ji ta.

Ko da ta isa, Baffanta Daudu da wasu manoma biyu sun riga sun jawo shi daga ciki. Fuffuken jirgin ɗaya ya karye, hancinsa ya lotse a jikin dutse, warin mai ya cika wurin. Dunoma yana kwance a kan ciyawa, jini ya wanke masa rabin fuska, ƙafarsa ta dama ta juya inda bai kamata ba.

Ta zube a gabansa. Ta manta da mutane, ta manta da Baffa.

"Dunoma! Dunoma, buɗe ido... don Allah buɗe ido!"

Da ƙyar ya ɗaga gira. Ya dube ta kamar mai mafarki.

"Shatu... matan nan... ban taɓa kowa ba?"

Daudu ne ya amsa, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ba ka taɓa kowa ba, ɗana. Yi shiru."

Ba a jima ba Landirobar ofishin gunduma ta iso. Malam Lauwali ne ya zo da ita, magatakardan ofishin, mutumin da ya yi shekara guda yana neman auren Shatu tana ba shi haƙuri. Shi ya cire wa Dunoma rigar sama ya ninke, shi ya ba da umarni aka ɗora shi a baya. Motar ta tashi ta nufi Kano, ta bar Shatu a durƙushe da jini a tafin hannunta.

*

Shekara biyu ke nan da haɗuwarsu.

Ta je Kazaure ne sayen humra don bikin wata ƙawarta, aka kwatanta mata gidan Hajja Kaka, Babarbariya mai haɗa turare, wadda kowa ya san ba ta da na biyu. Tana fitowa ruwa ya ɓarke, dole ta fake a zaure. Wani dogon saurayi baƙi yana tsaye a bakin ƙofa, ya zuba wa hadarin ido kamar wanda ya ga ɗan'uwansa.

Bai ko gaishe ta ba ya ce, "Kin san a saman wannan baƙin hadarin, rana ce take haskawa fes?"

Ta dube shi a kaikaice.

"Wa ya hau ya gano?"

"Ni. Sau uku."

Dariya ta ƙwace mata. Shi ma ya yi.

Kafin ruwan ya ɗauke ta san sunansa, ta san shi kaɗai ne ɗan Hajja Kaka, mahaifinsa Baba Kura ya rasu tun yana firamare. Shi kuma ya san ita Bafulatana ce 'yar Roni, ta gama makarantar horon malamai, an tura ta koyarwa a garinsu. Daga nan wasiƙu suka fara kai da kawowa. Yakan ba ta labarin yadda gonaki suke zama kamar tabarmar kaba in an kalle su daga sama, yadda koguna suke zama zaren azurfa. Takan karanta a gindin tsamiyar makaranta, ta lumshe ido, ta ga komai.

Amma da manyansa suka zo gaisuwa, Daudu bai saki fuska ba.

Bayan sun tafi ya kira ta ya ce, "Shatu, ba zan yi miki dole ba, ban yi wa Addarki Ma'u ba. Amma mutumin da sana'arsa take tsakanin sama da ƙasa, hankalina bai kwanta da shi ba. Kullum ki zauna kina sauraron sama? Ki bar ni in yi tunani."

Tunanin nan har ya shekara bai ƙare ba.

*

Kwana uku bayan faɗuwar jirgin, Shatu da yayarta Ma'u suka hau motar kasuwa zuwa Kano. Duk tsawon hanya ƙwaryar fura da nono tana kan cinyar Shatu, ta rungume ta kamar jariri.

A barandar asibiti suka tarar da Hajja Kaka zaune a kan tabarma, ta lulluɓe da lafaya ruwan toka, carbi a hannu. Suka durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni, Hajja. Ya mai jiki?"

Hajja ta kwance bakin lafayarta, ta zaro wata takarda mai ɗigon jini a gefe.

"Wannan rubutun na wane ne?"

Shatu ta dubi takardar. Wasiƙarta ce, ta ƙarshe.

"Nawa ne, Hajja..."

"Ni ban iya boko ba, amma an karanta min. Bawan Allahn da ya kawo shi asibiti, shi ya tsince ta a aljihunsa, shi ya karanta min sau biyu." Ta ɗaga takardar. "'In ka zo kanmu ka leƙo ni, ko da sau ɗaya ne.' Haka kika rubuta ko ba haka ba?"

"Haka ne... amma wallahi Hajja ban..."

"Ɗa ɗaya Allah ya bar min! Ɗaya! Na haifi biyar, na binne huɗu. Shi ne za ki kira shi daga sama ya sauko miki, kamar wata tattabarar gidanku?"

Ma'u ta ce, "Hajja, ki yi haƙuri, ƙaddara ce..."

"Na san ƙaddara, 'yar nan, na girme ki a saninta. Ku tashi ku tafi. Muddin ina numfashi, ba za ta ƙetara wannan ƙofar ba."

Shatu ta ajiye ƙwaryar a gefen tabarma, hawaye na ɗiga a kan faifan.

"Ko ba za ki ce daga gare ni ba ne, Hajja... a ba shi. Yana son ta da sanyi."

Ta tashi ta fita, Ma'u tana riƙe da kafaɗarta.

*

Tun daga ranar ta zama kamar inuwa. Tana zuwa makaranta, tana rubutu a allo, amma rabin hankalinta ba ya jikinta. In an tashi, sai ta bi ta bayan gari ta zauna nesa kaɗan da gawar jirgin, wadda aka kewaye da igiya. Ciyawa har ta fara tsirowa a ƙarƙashin karyayyen fuffuken. Takan zuba wa gajimare ido suna wucewa, farare, manya, ta riƙa ganin kamar yana can a bayansu, lafiyarsa ƙalau, yana dariya, kamar duk abin nan bai faru ba.

A nan Lauwali ya same ta ranar Asabar da la'asar. Ya jingine kekensa, ya gyara hula.

"Malama Shatu, kin rame."

Ba ta juyo ba.

"Jibi Litinin masu bincike za su zo daga makarantar su Dunoma. In aka tabbatar ya bar hanyarsa ya sauko ƙasa don ya burge budurwa, shi da jirgi har abada. Korarsa za su yi. Ke kuma sunanki zai shiga bakin duniya."

"Bai sauko ba."

"Ni kuma na ga ya sauko." Ya yi ɗan murmushi. "Amma ido yana iya mantuwa, Shatu. In kin so, sai in ce ban ga komai ba. Ba wani abu nake nema ba... kalma ɗaya ce, wadda na shekara ina jira."

Sai a lokacin ta juyo ta dube shi sosai.

"Kai ka ɗauki wasiƙata daga aljihun mutumin da yake kwance cikin jini?"

"Don in kare ki ne..."

"Malam Lauwali, lokacin da abin ya faru kana cikin ofis, sai da aka aika aka kira ka. Je ka faɗi abin da ka ga dama. Allah yana sama, ya fi jirgin nisa, kuma ya ga komai."

Ya ɗauki kekensa a fusace.

"Za ki tuna da maganata!"

Da ya tafi ne ƙarfin halin ya gudu ya bar ta. Ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka mai isarta. Ba ta san Baffanta yana tsaye can gefen fadama ba, ya rataya sanda a kafaɗa, yana kallonta.

*

Ranar Litinin aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin bishiyar ɗorawa a ƙofar ofis. Mutum uku suka zo, babbansu Kyaftin Sama'ilu, malamin da ya koya wa Dunoma tuƙi, mai furfura a gefen kai da idanu masu sanyi. Rabin gari ya taru. Can gefe wata mota ta tsaya, Hajja Kaka ta fito. Ta zo ta ji da kunnenta.

Lauwali ya fara magana. Ya ce jirgin ya yi ƙasa-ƙasa a kan makaranta har ya kusa taɓa rufin kwano, ya kewaya sau biyu. Ya ce ga wasiƙa ma a hannun mahaifiyar yaron.

Kyaftin ya karɓi wasiƙar daga hannun Hajja, ya karanta a ransa, ya ɗago.

"Wace ce Shatu?"

Ta miƙe.

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Ke kika rubuta wannan?"

Ta ji idanun garin duka a kanta. Ta ji Ma'u tana matsa mata hannu.

"Ni na rubuta. Na ce ya leƙo ni. Ban ce ya sauko ba, kuma bai sauko ba... amma ni na rubuta. In akwai laifi a ciki, nawa ne."

Wuri ya ɗauki gunaguni. Hajja ta kau da kai.

Sai aka ji gyaran murya daga baya. Daudu ne ya taso, da malfarsa da sandarsa, ya ratso mutane a hankali har gaban tabarma.

"Ranka ya daɗe, ni makiyayi ne, ban san kan jirgi ba. Kuma kowa a nan ya sani, ni ne na ƙi ba yaron nan 'yata. Ba ni da dalilin yi masa ƙarya."

"Muna jin ka, Baba."

"Shanuna hamsin da huɗu ne. In babur ya wuce a kan hanya, sai sun ɗaga kai. In jirgin nan ya sauko kamar yadda Malam ya ce, da sun watse, da har yau ina nemansu a daji. To ko kunne ba su kaɗa ba. Yana can sama, bai fi ƙwayar gero ba a idona, lokacin da ya haɗu da tsuntsayen. Gashinsu ma sai da ya daɗe yana yawo kafin ya iso ƙasa."

Kyaftin ya rubuta wani abu.

"Sai me ya faru?"

"Sai ya taho. Ya miƙo fadama sosai, ga fili lafiyayye a gabansa, ba rami ba kututture. Amma muna ciki. Ni da shanu, da mata goma sha ɗaya a gonar gyaɗa, wasu da goyo. Sun daskare, ko gudu sun kasa." Daudu ya dubi Kyaftin. "Na ga fuskarsa, ranka ya daɗe. Kusancin har ya kai haka. Ya dube mu, ya dubi dutse... ya juya ya tafi wajen dutsen. Da idona na gani. Da na jawo shi, bai tambayi ƙafarsa ba, mu ya tambaya."

Ba wanda ya motsa.

Wata mata ta taso daga cikin taron, goyo a bayanta. Sunanta Uwa, matar maƙerin garin ce. Ba wajen masu bincike ta nufa ba, gaban Hajja Kaka ta je ta durƙusa.

"Ke ce kika haife shi?"

Hajja ta gyaɗa kai.

"Ni ce a bakin kunyar gyaɗa ta farko, da wannan yarinyar a bayana. Iskar fuffukensa sai da ta cire min ɗankwali. Allah ya yi masa albarka, Hajja. Allah ya tashi kafaɗunsa. Allah ya saka miki da kika haifa mana shi."

Hajja ta ja lafaya ta rufe fuska, kafaɗunta suna girgiza.

Kyaftin ya juya wajen Lauwali.

"Malam, a ina kake tsaye lokacin da ka ga ya kewaya makaranta?"

Lauwali ya duba hagu, ya duba dama. Masinjan ofis da ya je kiransa ranar yana zaune a gabansa yana kallonsa.

"Wato... labari ne aka ba ni..."

Aka yi masa caa. Kafin a watse ya sulale, kuma wata bai cika ba ya nemi a mai da shi wata gunduma.

Shatu tana tsaye inda take, ta kasa ko zama. Sai ta ji ƙamshin humra a kusa da ita. Hajja ce, idanunta jawur.

"Furar nan da kika bari... ya sha. Ban gaya masa daga ina take ba, amma yana kurɓa ya ce, 'Ya Hajja, Shatu ta zo?' Kullum sai ya tambaye ni. Kullum ina ce masa a'a." Ta kama hannunta. "Tsoro ne ya sa ni, 'yata. Ki yafe min. Taho mu tafi."

Shatu ta waiga wajen Baffanta.

Daudu ya gyaɗa kai ya ce, "Ma'u, raka ƙanwarki."

*

Ɗakin asibitin fari ne, taga a buɗe, iskar damina tana kaɗa labule. An rataye ƙafarsa cikin farin siminti, an naɗe masa goshi. Ya rame, amma idanun nan nasa suna nan yadda ta san su.

Ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shiga.

"Shatuna..."

Kalmar kaɗai ta isa. Ta ƙarasa ta zauna a kujerar gefen gado, ta rufe fuska da mayafi tana kuka.

"Haba hasken idona, kuka kuma? Ga ni fa. Dubi, duk gaɓoɓina suna nan, ɗaya ce kawai ta tafi hutu."

"Ni na ja maka... da ban rubuta ba..."

"Ɗago ki dube ni."

Ta ɗago.

"Zan gaya miki gaskiya, kamar yadda na gaya wa Kyaftin tun ranar da na farfaɗo. Ban sauko ba, ko taƙi ɗaya. Amma na leƙo."

Ta zuba masa ido.

"Na karkata kai ina neman rufin makarantarku. Na gan shi, har na ga wani ɗan ɗigo shuɗi a tsakar fili, na ce wannan Shatu ce. Da na ɗago, tsuntsayen suna gabana."

"Wayyo Allah..."

"Kyaftin ya ce aikin matuƙi ne ya duba ƙasa ya gane garuruwan da ke hanyarsa, kuma ko idona yana gaba, da wuya in kauce musu. Wataƙila haka ne. Wataƙila kuma da na gan su da wuri. Ba wanda ya sani sai Allah. Amma ko ba ki rubuta ba, Shatu, zan leƙo. Akwai yadda za a yi in wuce ta kanki ban duba ba?"

Ta yi murmushi cikin hawaye.

"Shuɗin zane na ɗaura ranar."

"Na sani. Ai na gani."

A waje wata kurciya tana ta kuka a kan dalbejiya.

Can ya ce, "Sun ce in ƙafar ta warke, bayan wata shida, zan iya komawa. Ya Hajja ta ce in bari, in zo in buɗe kanti a Kazaure. Na ce mata sai na ji daga bakinki." Ya dube ta sosai. "In kin ce in bari, na bari. Wallahi ba zan taɓa yi miki gori ba."

Shatu ta tuna shirun nan da injin ya yi a sama. Ta san har ta mutu ba za ta manta da shi ba. Kalma ɗaya za ta faɗa, ta samu miji mai kwana a gida kullum, mai dawowa da ƙurar kasuwa a ƙafa.

Amma ta dubi fuskarsa, ta ga yadda ya riƙe numfashi yana jira.

"Ina tsoro, Dunoma. Kullum ka tashi zan ji tsoro, ba zan ɓoye maka ba."

"Na sani..."

"Amma in na tsare ka a kanti, kullum jirgi ya wuce za ka fito ka ɗaga kai. Ni kuma ina kallonka. Wannan ba zan iya ba." Ta share ido. "Ka koma. Sai dai ka yi min alkawari ɗaya."

"Ko goma ne."

"In kana sama, ka kalli gabanka. Ni ina nan, ba inda za ni. In ka sauko ka kalle ni har ka gaji."

Ya yi dariya har sai da haƙarƙarinsa ya sa shi ya yi ƙara.

"Ba zan gaji ba, rabin raina."

"Za mu gani."

*

Bayan an yi girbi aka ɗaura aure a ƙofar gidan Daudu. Shi da kansa ya zaɓi karsana mafi kyau a garkensa ya ba 'yarsa. Matan fadama su goma sha ɗaya suka zo da buhun gyaɗa, suka ce na ango ne, ba na amarya ba.

Da aka kai ta Kazaure, Hajja Kaka ba ta bar kowa ya taɓa ta ba. Ita ta wanke mata kai da hannunta kamar yadda ake yi wa amaren Barebari, ita ta turara ta har sai da ƙamshin ya kama bangon ɗaki. Tana yi tana mita.

"Wannan gashi na Fulani, sai a wuni ana tsifa!"

Washegari da hantsi, bayan 'yan biki sun ragu, Shatu tana zaune a bakin gado cikin lafaya sabuwa, lalle ya yi baƙi a hannunta, sai ta ji ƙwas... ƙwas... a tsakar gida. Dunoma ne ya ɗaga labule, yana dogara sanda.

"Amarya."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi.

"Ango mai sanda."

"Ki yi dariyarki. Likita ya ce kullum safe in yi taku ɗari biyu ba sanda. Amma ya ce sai da wanda zai riƙe ni, kuma ni duk garin nan ban ga wanda na yarda da shi ba."

"Ko Hajja?"

"Ya Hajja sauri gare ta, sai ta kayar da ni."

"Ina jin ka, ɗan nema!" Hajja ta ɗaga murya daga madafa.

Shatu ta miƙe. Ta karɓi sandar daga hannunsa ta jingine a bango, ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hannunsa. Nauyinsa ya sauko mata, mai ɗumi, ta ji bugun zuciyarsa a gefen kuncinta.

Suka fito tsakar gida. Rana ta kwanta a kan yashi, hayaƙin turare yana tashi a hankali daga kasko.

"Kin shirya?"

"Na riƙe ka. Taka."

Ya ɗaga ƙafar a hankali, ya sauke, ya cije leɓe.

"Ɗaya," in ji Shatu.

Ya sake takawa.

"Biyu..."

Hajja ta leƙo da ludayi a hannu. Ta buɗe baki za ta ce su yi a hankali, sai ta fasa. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsu, leɓenta yana motsi, tana ƙirgawa tare da su.